Wa Zai Yi Wa Asibitin Ƙauye Magana? Likitan Iyali a Gaban Masu Tsara Doka da Kasafi

An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a wani taron likitoci da ɗaliban likitanci na ranar 19 ga Mayu, Ranar Likitan Iyali ta Duniya. An rage maimaici da doguwar gaisuwa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malamaina da ke zaune a gaba, abokan aiki, da ƙannena ɗalibai da kuka cika kujerun baya, barkanmu da warhaka.

Na san akwai waɗanda da sun ji an haɗa likita da majalisa ko kasafin kuɗi sai gabansu ya faɗi. Ku kwantar da hankalinku, ba jam'iyya na zo kafawa ba. Maganata ita ce, yawancin abin da ke kashe mutane a asibitin ƙauye ba a ɗakin duba marasa lafiya aka yanke shi ba. An yanke shi ne a ma'aikata, a majalisar jiha, a ofishin akanta janar. Idan wanda ya ga gawar bai je can ya faɗi abin da ya gani ba, to waɗanda ba su gani ba ne za su ci gaba da yankewa.

Saboda baƙinmu da ba likitoci ba, bari in faɗi wane ne likitan iyali. Likita ne da ya gama digiri, ya yi shekarar koyon aiki, ya yi bautar ƙasa, sannan ya koma ya shafe wasu shekaru yana horon ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Sauran ƙwararru kowa ya zaɓi ɓangare: wani ido, wani zuciya, wani yara, wani mata. Shi kuwa an horar da shi ne ya karɓi duk wanda ya shigo, jariri da kakarsa, ya san gidan da suka fito, ya warware mafi yawan matsalolinsu, sannan ya gane wadda ta fi ƙarfinsa ya tura ta gaba da wuri. Farkon wannan horo a Nijeriya a asibitocin mishan ya yi ƙarfi, irin su Evangel da ke Jos da asibitin Baptist na Ogbomosho. Waɗanda suka tsara shi wani likita suke hange: wanda zai tsaya shi kaɗai a asibitin gunduma, da safe ya yi wa mai doguwar naƙuda tiyata, da rana ya duba yaro mai tamowa, da yamma ya daidaita wa tsoho maganin hawan jini, da dare a tashe shi saboda maciji ya sari manomi.

To ina muke yau? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancinmu muna sashen duba marasa lafiya na asibitocin koyarwa da cibiyoyin tarayya, a manyan birane. Ni ma nan nake. An horar da mu domin gunduma, tsarin albashi da ƙarin girma ya ajiye mu a birni.

A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗi cewa likitocin da ke da lasisi a ƙasar nan kimanin 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Kowa ya kama wannan adadi na biyu ana ta juyayi. Amma a cikin wannan bayani nasa ya ce kimanin 7,600 suna Legas, kimanin 4,700 suna Abuja. Ku haɗa ku gani: fiye da kashi ɗaya cikin biyar na likitocin ƙasa mai ƙananan hukumomi 774 suna birane biyu. Sauran ma ku bi sawunsu, za ku same su a Ibadan, Kano, Fatakwal, Inugu, Zariya, Jos. Ga mutumin ƙauye, likitan da ya tafi Ingila da wanda ya tafi babban birnin jiha duk ɗaya ne, babu wanda zai gani cikinsu daren da matarsa ta fara jijjiga.

Sakamakon yana cikin binciken lafiya na ƙasa na 2018. Cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. A birni 92 ne, a karkara 157. Matan da suka haihu a asibiti kashi 39 ne cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya, a Arewa maso Yamma kuwa wajen kashi 16. Mun saba ɗora laifin a kan al'ada da kunya da miji da ya hana. Akwai wannan, ba na musu. Amma matar da ta taɓa hawa babur da tsohon ciki ta je ta tarar da asibiti a kulle da magariba, ba sai an koya mata zama a gida ba.

Me ya sa likita ba ya zama? Mu bar zancen rashin kishi, domin ba ya kai mu ko'ina. Ku ɗauki yaro da ya gama bautar ƙasa a tura shi babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Shi ne likita na farko, shi ne na ƙarshe, ba wanda zai karɓe shi ya yi barci. An kawo mai zubar jini bayan haihuwa, babu ma'ajiyar jini, sai an nemo dangi an gwada su ɗaya bayan ɗaya. Zai shiga tiyata, babu mai sa barci. Janareta ba mai. Gidan likita yana yoyo. Matarsa ma'aikaciya ce a birni, 'ya'yansa na bukatar makaranta. Abokin karatunsa da ya samu gurbi a asibitin tarayya ya fi shi albashi, yana da manya a kansa suna koya masa, kuma bayan 'yan shekaru zai zama ƙwararre, shi kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Yanzu kuma ga tsaro. Kun tuna likitar da aka sace a Kaduna a Disambar 2023, a cikin gari ma ba ƙauye ba, ta shafe wajen wata goma a hannun 'yan bindiga, har likitoci masu neman ƙwarewa suka yi yajin aiki a kanta. Uwar da ta ji wannan labari, da wace fuska za ka ce mata ta bar ɗanta ya tafi bakin daji? A cikin duk abin da na lissafa babu wanda wa'azi zai gyara. Kowanne layi ne a kasafin kuɗi ko sakin layi a dokar aikin gwamnati.

Ba yau aka fara neman mafita ba. A Satumbar 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, suka ɗauki alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. A nan gida, wanda ya ɗauki maganar da gaske likitan yara ne, marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kafa hukumar kiwon lafiya matakin farko a 1992. Tsarin ya damƙa asibitocin sha-ka-tafi a hannun ƙananan hukumomi, manyan asibitoci a hannun jihohi, na koyarwa a hannun tarayya. A takarda ya yi kyau. A aikace, matakin da ya fi kowa yawan marasa lafiya ya faɗa hannun gwamnatin da ta fi kowa rauni.

Ga misali da nake so ɗalibai su riƙe. A 2009 aka fito da shirin tura ungozomomi karkara: sababbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya. Dabara ce mai kyau. Aka raba alawus uku, tarayya ta biya kaso mafi girma, jiha ta ƙara, ƙaramar hukuma ta cika ta kuma ba da masauki. Me ya faru? A wurare da yawa jiha da ƙaramar hukuma suka yi ta jan ƙafa, masauki babu, ungozomomi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Yarjejeniya ce aka sa wa hannu, amma babu wanda ya tsaya a kanta a matakin jiha. Da a ce kowace ƙungiyar likitoci ta jiha ta riƙa tambaya duk wata uku, a rubuce, ungozoma nawa aka biya, nawa suka rage, da wuya abin ya lalace cikin shiru haka.

Sai Dokar Lafiya ta Ƙasa. An fara maganarta tun wajen 2004. Majalisa ta amince da ita a 2011, shugaban ƙasa bai sa hannu ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne mu ma'aikatan lafiya kanmu muna ta rigima a kan wa zai shugabanci me. Sai a ƙarshen Oktoban 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu. Dokar ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin kuɗin na inshora ne, kashi 20 na magunguna da allurar rigakafi, kashi 15 na gyaran gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na samar da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Duk da haka ba a ga kuɗin a kasafi ba sai 2018, lokacin da aka sa sama da naira biliyan 55, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin farar hula da na likitoci. Shekara goma kafin doka, shekara huɗu kafin kuɗi. Wanda ba shi da haƙuri kada ya shiga wannan aiki. Amma tambayata ita ce, wancan kashi 10 na ma'aikata, wa a cikinmu ya taɓa zuwa hukumar lafiya matakin farko ta jiharsa ya nemi a nuna masa inda ya shiga? Ban ce ku ɗaga hannu ba. (Dariya.)

Kada wani ya ce ba mu da murya. Muna da ita, kuma ana jin ta. Alawus ɗin haɗarin aiki ya yi shekara da shekaru a naira 5,000 a wata. Aka matsa, a ƙarshen 2021 ya koma tsakanin 32,000 da 40,000 ga likitoci. Dokar horon ƙwarewa ta 2018 da asusunta, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ce ta tsaya a kansu. A Afrilun 2023 ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudirin da zai hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, ƙungiyoyinmu suka yi caa a kansa, har ya shiga cikin dalilan yajin aikin gargaɗi na watan Mayu, kuma bai zama doka ba. Ni ma ban goyi bayansa ba, domin ƙudirin bai ce komai a kan inda likitan zai yi shekara biyar ɗin ba, ko da me zai yi aiki. Da ya wuce, da duk sun yi su a Legas da Abuja suna ƙirga kwanaki. Amma abin da ya dame ni shi ne mun ce a'a, muka koma gida. Ɗan majalisar ya yi kuskure a magani, amma bai yi kuskure a ciwon ba. Ya kamata a ce ranar da muka ƙi nasa, mun ajiye namu a kan tebur. Jama'a suna kallonmu. Idan ba su jin muryarmu sai lokacin alawus, kada mu yi mamaki in mun shiga yajin aiki suka tsine mana maimakon su mara mana baya.

Yanzu bari in kai ku Tailan, domin nan ne na fi samun abin koyi, kuma zan ɗan daɗe a can. A shekarun 1960 likitocinsu sun yi ta kwarara zuwa Amurka, kamar yadda namu ke yi yau. Gwamnati ta ɗora wa ɗaliban likitanci sharaɗin aikin gwamnati na shekara uku bayan kammalawa, rukunin farko suka fita a 1972, da yawansu aka watsa su gundumomi. Wani zai ce, to ai ga shi tilas ta yi aiki. Ku saurari sauran labarin. Waɗannan samari da suka tsinci kansu su kaɗai a asibitocin da babu komai, ba su tsaya kuka ba. Suka fara haɗuwa suna koya wa juna yadda ake tafiyar da asibitin gunduma, a 1978 suka zama Ƙungiyar Likitocin Karkara. Suka tsaya takarar kujeru a majalisar kula da aikin likita ta ƙasarsu. Waɗanda suka girma cikinsu suka shiga ma'aikatar lafiya da ƙurar gunduma a ƙafarsu. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta dakatar da faɗaɗa manyan asibitocin birane na wasu shekaru, ta karkatar da kuɗin ga gina asibitocin gunduma da ƙananan cibiyoyi, har kusan kowace gunduma ta samu nata. Ku yi tunanin gwamnan da zai ce bana ba sabon gini a babban birni, kuɗin na ƙauye ne. Ba zai iya ba sai yana da likitoci a bayansa suna kare shi.

Tilas ɗin kuma ita kaɗai ba ta riƙe kowa ba. Da asibitocin kuɗi suka bunƙasa a shekarun 1990, likitoci suka riƙa biyan tara suna ficewa. Sai aka ƙara alawus mai kauri na zaman karkara, wanda ke ƙaruwa gwargwadon nisa da wahalar wuri. A tsakiyar shekarun 1990 aka fito da shiri na musamman: a ɗauki ɗalibi daga lardin karkara, a koya masa aikin asibiti a asibitin lardi ba a Bankok ba, ya koma yankinsu ya yi aiki. Daga baya ma aka ƙara da shirin kowace gunduma da likitanta. A 1998 Ƙungiyar Likitocin Karkara ce ta tona badaƙalar sayen magunguna a ma'aikatar lafiya, ministan ya sauka, daga baya ya ƙare a gidan yari. Kuma daga cikin 'ya'yanta ne aka samu Dakta Sanguan Nitayarumphong, wanda ya jagoranci tsarin da ya ba kowane ɗan ƙasa damar ganin likita da bat 30 kacal na kuɗin ƙasarsu a 2001, aka yi masa doka a 2002. Abin da ya ba su ƙarfi, jama'a sun shaida cewa ba cikinsu kaɗai suke yi wa faɗa ba. Shi ya sa da suka nemi ƙarin alawus ma ba wanda ya zarge su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin wannan ilimi a shawarwarinta na 2010, ta sabunta su a 2021. Ta kasa su gida huɗu: ilimi, doka, kuɗi, da tallafa wa ma'aikaci a rayuwarsa da aikinsa, ta kuma ce ba a ɗaukar ɗaya a bar saura. Wadda hujjarta ta fi ƙarfi ita ce mafi arha: ɗalibin da ya tashi a karkara ya fi komawa karkara. Kanada ta gina makarantar likitanci guda a Arewacin Ontariyo a 2005 a kan wannan tunani. Mu ma mun gwada a ɓangaren ungozomomi. Shirin Women for Health, daga 2012, ya ɗauko 'yan mata daga ƙauyukan Kano, Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe, aka ba su shekarar share fage domin su cike giɓin sakandare, al'ummarsu ta tsaya musu, suka shiga makarantun jinya da ungozoma. Me ya hana a yi wa likitanci haka? Yaron da ya yi sakandare a ƙauye ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba ba zai kayar da ɗan makarantar kuɗi a JAMB ba, amma wannan ba ya nufin ba zai iya zama likita ba. Jihohinmu suna kashe kuɗi suna tura ɗalibai karatun likitanci ƙasashen waje. A tambaya, kashi nawa cikinsu suka fito daga ƙananan hukumomin da ba su da likita?

Haka horon kansa. Jami'ar Ibadan tana kai ɗalibanta garin Igbo-Ora da ke yankin Ibarapa tun 1963. A yankin nan na Ibarapa ne marigayi Dakta Oluyombo Awojobi ya zauna a Eruwa yana tiyata shekara da shekaru, yana ƙera kayan aikinsa da hannunsa. Mu a fannin likitan iyali muna da damar da sauran fannoni ba su da ita: za a iya amincewa da babban asibitin ƙaramar hukuma a matsayin wurin horo, in dai akwai ƙwararre a ciki da kayan aiki. Ranar da yaro ya san cewa zamansa a gunduma yana cikin lissafin zamansa ƙwararre, ranar ce zai daina ganin taransifa zuwa can a matsayin hukunci. Wannan magana ce ta kwalejojinmu da ƙungiyarmu ta likitocin iyali, SOFPON, ba sai mun jira kowa ba.

To da me za mu je wurin masu mulki? Da rajistarmu. Kwamishina ya saba jin "asibitoci sun lalace", ba ya ko ɗaga kai. Amma ka ce masa, ranka ya daɗe, daga Janairu zuwa Yuni mata kaza aka turo daga wannan ƙaramar hukuma da zubar jini, kaza sun rasu a hanya, tafiyar awa kaza ce, kuma firij ɗin jini mai aiki da sola kuɗinsa kaza ne, to ka ba shi abin da zai iya sa wa hannu. A 2010 ma'aikatan lafiya da ke aiki a yankin ne suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kuma maganin zazzaɓi ba ya yi musu aiki. Da aka bi diddigi aka gano gubar dalma ce daga haƙar zinare, bayan yara fiye da 400 sun rasu. Cutar noma mai cin baki da fuskar yara, wadda ake jinyarta a asibiti na musamman a Sakkwato, Nijeriya ce ta jagoranci kai takardunta, a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Saran kububuwa da ake fama da shi a Kaltungo, bayanan da likitocinmu suka tara suna cikin abin da ya taimaka aka mayar da saran maciji cikin wannan jeri a 2017. Duk daga littafin asibiti suka fara.

Sai kuma inda za a je da lokacin zuwa. Mun fiye kallon Abuja, alhali likitan babban asibitin ƙaramar hukuma ma'aikacin jiha ne. Tun tsakiyar shekara ma'aikatu ke haɗa bukatunsu na kasafin baɗi. Wanda ya jira sai gwamna ya tsaya gaban majalisa a ƙarshen shekara ya makara. Kowace majalisar jiha tana da kwamitin lafiya, ana zaman kare kasafi, wani lokaci ana sauraron ra'ayin jama'a. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafi. Na tarayya bai taɓa kusantar haka ba. Wasu jihohin suna rubuta 15 ɗin, amma rubutawa daban, sakin kuɗi daban, don haka a riƙa bin rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi, ciyaman ma ya zama wanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa. Allah ya ja zamanin Hakimi, a nan muke bukatarku. Takardar da likita ya kai shi kaɗai tana iya kwana a durowa. Wadda hakimi da limami da shugabar mata suka rako, ba ta kwana.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye ba, ko da wasu za su ji haushina. Ba za mu samu likitan da za a ajiye a kowace mazaɓa ba, ko a zamaninmu ko na 'ya'yanmu. Waɗanda ke riƙe da ƙauye yau su ne nas-nas, ungozomomi da ma'aikatan lafiya na al'umma. Tun 2014 akwai manufar ƙasa da ta yarda a koya musu wasu ayyukan da a da likita kaɗai ke yi. Aikin likitan iyali shi ne ya zauna a babban asibitin yankin, ya riƙa zagaya ƙananan asibitocin da ke kewaye, ya koyar, ya ɗaga waya in sun kira da tsakar dare. Jigawa ta gwada haɗa matakan biyu a ƙarƙashin tsarin Gunduma a 2007, akwai darasi a ciki. In muka shiga ofishin kwamishina muna zagin JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, su ma suka shiga bayanmu suna zaginmu, shi kwamishinan ya huta, ba wanda zai ba komai.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. A ba ni tambaya ɗaya.

(Wata ɗaliba ta tambaya: Malam, mu ma'aikatan gwamnati za mu zama. Idan likita ya fito ya faɗi gaskiyar asibitinsa, ba za a kore shi ko a jefa shi wani lungu ba?)

Ƙanwata, tambayarki a kan hanya take, kuma yana faruwa. Na san abokin aiki da ya yi magana a rediyo a kan rashin jini a asibitinsa, bai yi wata guda ba takardar sauyin wuri ta same shi. Dokar aikin gwamnati ta hana ma'aikaci zuwa kafar labarai da sunan ofishinsa ba da izini ba, don haka kada ki yi ta kanki. Ki fara rubuta wa shugaban asibitinki, ki ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Alƙaluman ki miƙa wa reshen ƙungiyar likitoci ta ƙasa, NMA, ko na SOFPON a jiha, ba sunan majiyyaci ko ɗaya a ciki, su haɗa da na sauran asibitoci su fitar da sunan ƙungiya, ta yadda ba za a ce na wance ne ba. Maganar rediyo da majalisa kuma a bar wa irinmu da muka kusa ritaya da malaman jami'a, mu da taransifa ba ta ba mu tsoro. Reshenmu zai zauna kafin ma'aikatu su rufe karɓar bukatun kasafi, kuma muna neman ɗalibai da za su taya mu tattara alƙaluman haihuwa daga manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Mai so ya ba sakatare sunansa a bakin ƙofa. Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.